Waƙar Baba a Motar Askirim

Jama'a, kafin kowa ya fara zagina a ƙasan rubutun nan, bari in amsa laifina da bakina. Wata takwas ina ɓoye wa mutumin da nake so wata magana, kuma ranar Asabar ɗin nan ta fashe a tsakiyar falonmu, a gaban Goggo. Duk mai Goggo irin tawa ya san ba ƙaramin abu ne ya same ni ba.

Ni ce autar gidanmu, Auta ake kirana har a makarantar ƙananan yaran da nake koyarwa. Babana mai gyaran agogo ne, dogo, farin gemu, maganar da yake yi a yini ba ta cika cokali ba. In ka gan shi a shago da ɗan gilashin nan maƙale a ido ɗaya, sai ka rantse tun da aka haife shi bai taɓa kaɗa kai don kiɗa ba. To, shekara talatin da wani abu da suka wuce, shi ne Dogo Mai Jita.

Yayata ce ta raɗa min a kicin ina 'yar shekara goma. Wai Baba ya taɓa yin wata waƙa, Ƙanƙarar Tsakar Rana, wadda ta cika gari har ta ishi mai ita. Ya yi wasu guda goma sha ɗaya masu ma'ana, ba wanda ya kalle su. Ko ina ya shiga, ƙanƙara. Ranar da kakanmu ya rasu, ana zaman makoki, wani bawan Allah da ke kusa da Baba ya manta inda yake ya fara rera ta ƙasa-ƙasa. A makon nan Baba ya bi shago-shago ya kwaso kaset-kaset ɗinsa, ya tara a bayan gida ya cinna musu wuta, jitar kuma ya kyautar. Tun daga ranar rediyon gidanmu labarai kawai take yi. Ko ƙanƙara ba a ambata a gabansa, sai dai a ce "a miƙo abin sanyi."

Yanzu ku auna yadda gabana ya faɗi ranar da wata farar mota mai zanen askirim ta tsaya a ƙofar makarantarmu lokacin tashi, lasifikarta tana zuba kiɗan da Yaya ta taɓa kaɗa min da cokali a gindin tukunya. Jita ce zalla, ba murya, tana ta maimaituwa. Na ratsa yara na je tagar motar a fusace.

"Malam, don Allah kashe abin nan."

Mai motar ya leƙo da 'yar hular takarda a ka. "Malama, ko ina so ba zan iya ba. Mai gyaran wuta ya haɗa min lasifika da firiza a waya ɗaya. In waƙa ta mutu, askirim ya mutu."

"To ka canza waƙar mana."

Ya dafe ƙirji kamar na zagi iyayensa. "Kin san waƙar wa ce kuwa?"

Na ce ban sani ba. Ƙaryata ta farko ke nan, ku rubuta.

Minti arba'in ya tsayar da ni a rana yana min darasi, yana miƙa wa yara askirim da ɗaya hannun. Wai akwai shekarun da firij yake sabon abu a gidaje, mawaƙa suka yi ta gasar waƙar sanyi, wannan ya yi ta ruwan randa, wancan ya yi ta lemon kwalba, wani ma har ta fanka. Wai lokacin ne faifai ya ba kaset wuri, samari suna juya shi da biro don kada batir ya ƙare. Duk cikinsu, in ji shi, ba wanda ya kama ƙafar Dogo Mai Jita. Shekara shida yana neman mutumin, kamar ƙasa ta haɗiye shi. Kaset ɗaya tak ya samu a cikin kwalin wani tsohon direba, kuma yana kyautata zaton shi kaɗai ya rage a duniya.

Ya miƙo min askirim mai madara. Na zo faɗa, na koma aji ina lasar yatsa.

Yara suna kiransa Kawu Sanyi, ni na yanke na bar Sanyi. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda aka yi aka fara ba, ku dai sani na ƙara kilo uku. Sau nawa ya ce in zo in saurari waƙar gaba ɗaya da muryoyinta, ina cewa kaina na ciwo. Sau nawa yana zaune yana cewa, "Auta, da zan ga mutumin nan sau ɗaya, ko takalminsa ne in goge," ni kuwa da safen nan na goge takalmin da hannuna.

A gida kuma Dokta ake yi, mai neman aurena. Likitan haƙori ne, mutumin kirki, ba ni da abin da zan ce ya yi min. Saƙonsa na safe kullum iri ɗaya ne: "Barka da asuba. Kin goge?" Kyautarsa ta farko buroshi ne mai batir. Goggo, yayar Baba, ita ce shugabar yaƙin neman zaɓensa, domin tun da ya yi mata sababbin haƙora take murmushi ba gaira ba dalili. Umma ma tana bayansa. "Mutum mai aiki a inuwa," in ji ta, "ba mai yawo da ƙararrawa ba."

Ranar Laraba Baba ya kira ni yana goge gilashinsa.

"Auta, ba zan yi miki dole ba. Amma manyan Dokta sun zo sau biyu, ba zan bar dattawa suna zarya ba. In kina da wani, Asabar ƙarfe huɗu in gan shi. In babu, Lahadi zan ba su amsa."

Na shige ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Sanyi.

"Asabar ƙarfe huɗu. Baba zai gan ka."

"Allahu akbar! In zo da me?"

"Ka zo da kanka kawai. Sharaɗi biyu: kada ka zo da motar, kada ka yi zancen waƙa."

"Baba ba ya son waƙa ne?"

"Kunnensa na ciwo."

"Ke kanki, shi kunnensa. Gidanku sai an kai ku asibiti gaba ɗaya."

Na san a nan ya kamata in faɗa masa gaskiya. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na goge. Tsoro nake ji, wallahi. Na san Sanyi, in ya ji ba zai iya riƙe fuskarsa ba, zai shigo falo yana kallon Baba kamar ya ga wata sabo.

Asabar na canza kaya sau huɗu. Na ƙare a doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, mayafi fari, ɗan kunnen Yaya da na ara tun bara ban mayar ba. Umma ta sa aka sauke labulen falo aka rataya masu ruwan zuma, aka fito da kofunan gilashin da ba a taɓa shan komai a cikinsu ba. Agogon bango bakwai ne a falonmu, duk a kan daƙiƙa ɗaya suke tafiya. Goggo ta iso tun ƙarfe biyu, ba wanda ya gayyace ta, ta zauna a kujerar tsakiya ta ajiye jaka a cinya kamar alƙali.

Huɗu saura minti biyu Sanyi ya yi sallama. Farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, sabon aski, takalmi baƙi. Na leƙa ta taga, ba mota a ƙofar gida. Na ce alhamdulillahi, na laɓe a bayan labulen da ya raba falo da hanyar kicin, da tiren lemo a hannu.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya gaida Goggo. Goggo ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai lalata haƙoran yara?"

"Ni ne, Goggo. Muna lalatawa, Dokta yana gyarawa, kowa na samun na abinci."

Na ga gefen gemun Baba ya motsa. A wurin Baba wannan ƙyaƙyatawa ce.

Goggo ta gyara zama. Ta tambayi sunan kakansa. Ta tambayi abin da yake yi in damina ta sauka ba mai sha'awar sanyi. Ta tambaya ko a cikin motar zai ajiye ni, kusa da firiza. Yana amsawa da ladabi, amma na lura yana satar kallon agogon hannunsa. Huɗu da kwata, ya kalla. Huɗu da rabi, ya kalla, zufa ta fara tsatso masa a goshi. Biyar saura kwata, ya sake kalla. A gidan mai gyaran agogo ka zo kana satar kallon agogo!

"Samari," in ji Baba, "naka ne ya lalace, ko mu ne muka ishe ka?"

Sanyi ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Baba. Na zo da 'yar tsaraba ce, kek na askirim, na yi shi da siffar agogo, hannayensa na cakulan suna kan ƙarfe huɗu. Ba zai iya zuwa a hannu ba, shi ne na zo da motar na ɓoye ta a bayan katanga na kashe komai. Na yi lissafin minti ashirin zai jure."

Tiren ya kusa suɓuce min. Ashe motar tana bayan katangarmu, daidai tagar falo.

Abu ɗaya Baba ya tsana a duniya bayan waccan waƙar, shi ne a bar abinci ya lalace. Ya ɗaure fuska. "Kana zaune kayan sana'arka na narkewa? Tashi ka kunna."

"Baba, akwai ɗan kiɗa a jiki. An ce kunne na ciwo."

"Kunnen wa? Lafiyata ƙalau. Kiɗa ai ba ya cizo. Je ka."

Na yi tsalle na fito daga labule. "Baba, a bar shi ya narke! Ni ma na fi son shi narkakke!"

Duk suka juyo suna kallona. Goggo ta ce, "Ga irinta nan, tun ba a je ko ina ba ya taɓa mata kai." Kafin in sake buɗe baki, Sanyi ya fice.

Mun ji tashin inji. Mun ji firiza ta yi gurnani. Sai jitar ta shigo ta taga, tar da ita, kamar a cikin falon ake kaɗawa.

Umma ta ajiye kofin hannunta a hankali. Murmushin Goggo ya ɗauke, karo na farko tun da aka yi mata haƙora. Baba bai motsa ba, idonsa na kan bango, amma ni da nake tsaye kusa na ga yatsun hannunsa na hagu suna danna hannun kujera ɗaya bayan ɗaya.

Sanyi ya dawo da kek a faranti. Agogon ya zube gefe guda, hannayen cakulan sun gangaro sun haɗe, ba ka ce ga ƙarfe nawa ba. Ya ajiye a tebur yana haki. Shirun da ya tarar ya ɗauka na jin daɗin kiɗa ne, sai fuskarsa ta washe. Na yi masa ido, na yi masa tari, na taka masa ƙafa. Ina! Sharaɗi na biyu ya bi na farko.

"Baba, ai ku ne kuka ga zamanin. Wannan ita ce Ƙanƙarar Tsakar Rana. An ce a dare ɗaya ya rubuta ta a wani babban otal, da alƙalamin zinare da wani attajiri ya ba shi."

"Ƙarya ne," in ji Baba.



"A layin gidan ƙanƙara aka rubuta ta, da rana tsaka, a bayan kwalin sabulu. Kuma na'urarka tana gudu. Ba haka aka kaɗa ta ba, kun mayar da ita kamar ana koran awaki."

Da ya rufe baki na ga ya gane abin da ya yi. Shekara talatin yana riƙe da bakinsa, alƙalamin zinare ya kwance masa shi a daƙiƙa ɗaya.

Sanyi ya kalli tsawon Baba. Ya kalli yatsun hagun. Ya kalle ni. Wannan kallon, jama'a, har yanzu ban manta shi ba. Sai kawai gwiwoyinsa suka sauka a kan kafet.

"Dogo Mai Jita," ya ce. "Baba, shekara shida. Na je gidan rediyo, na je wurin tsofaffin makaɗa, har maƙabarta an taɓa kwatanta min. Baba, wurin nan da ake cewa, ƙanƙara a tafin hannu, in na riƙe ki narke, in na sake ki faɗi, sannan muryar macen nan ta ɗauka daga sama, wallahi ban taɓa ji ban yi hawaye ba. Wace ce ita, Baba? Ba a rubuta sunanta a kwalin ba."

"Je ka kashe," in ji Baba.

Sanyi ya fita da gudu. Kiɗan ya mutu, firiza ta mutu. Da ya dawo, Baba ya cire gilashinsa ya ajiye kusa da kek ɗin da ke ɗiga a kan sabon mayafin teburin Umma.

"Auta ce ta faɗa maka?"

"Ko da wasa, Baba. Yau na sani."

"Na yarda, fuskarka ba ta iya ƙarya ba. Ita ce ta iya." Ban san inda zan sa kaina ba. "Samari, ban ga aibunka ba. Kana da sana'a, kana da ladabi, ka jure wa yayata minti arba'in da biyar. Zan ba ka Auta."

Goggo ta zabura. "Dogo!"

Ya ɗaga mata hannu. "Da sharaɗi. Ka kawo min kaset ɗin nan. Duk inda ka kwafe shi, a waya ne ko a mota, ka goge a gabana, ka rantse ba saura. Ni na kunna wutar nan, ni zan ƙarasa ta. In ya zo gobe kafin azahar, magana ta ƙare. In bai zo ba, dattawan Dokta na nan tafe da la'asar."

Masu karatu, me kuke zaton masoyina ya ce? Wanda yake rubuto min cewa ni ce madarar rayuwarsa? Na tsaya ina jiran ya ce, Baba, yanzu ma sai in je in ɗauko.

Ya yi shiru. Agogo bakwai suna ta tafiya. 

"Baba, a ba ni zuwa safe in yi tunani."

Tunani! Ni da kaset aka ɗora a sikeli, kuma sai an kwana ana dubawa! Goggo ta saki murmushi mai haƙora talatin da biyu, ta jawo farantin kek ta ce a ba ta cokali.

Ban raka shi ba. Na kwashi kofuna na shige kicin ina wanke su kamar su suka yi min laifi. Ina hawaye, ina kuma jin haushin kaina, don na san da na faɗa masa gaskiya tun farko da ba mu zo nan ba. Rana ta yi sanyi, hasken yamma ya shigo ta tagar kicin. Sai na ji an turo ƙofa an mayar an rufe.

Umma ce. Ta tsaya kusa da ni ta ɗauki tsumma tana goge kofin da ya riga ya bushe. Na jira ta ce ai ga shi nan, da ma ta faɗa min, Dokta ba zai tsaya tunani ba.

"Auta, ina wayarki?"

"Tana nan, Umma."

"Rubuta masa. Ki ce kada ya kawo."

Na juyo da kumfa a hannu. "Umma, in bai kawo ba ai Dokta ke nan. Na san shi kike so, amma..."

"Ke, rabu da ni da wani Dokta." Ta rage murya, tana kallon ƙofa. "Macen da yake tambaya, wadda ba a rubuta sunanta ba. Ina 'yar shekara goma sha tara. Sau ɗaya aka ɗauka, ban ma cire jakata daga kafaɗa ba. Ranar da babanki ya tara su a bayan gida, ni na miƙo masa ashana, don na ga halin da yake ciki. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Na ɗauka shi ke nan, ba sauran inda muryar nan take." Ta ajiye kofin. "Ashe akwai ɗaya."

Ban taɓa jin Umma tana waƙa ba. Ko ta lallashin jariri, da 'ya'yan Yaya suka zo, jijjiga su kawai take yi.

Wayata ta yi ƙara a kan firij. Na goge hannu a rigata mai duwatsu na ɗauko. Umma ta matso, kafaɗarta a jikin tawa, muka karanta tare.

"Auta, ki yafe min shirun ɗazu. Ko gida ban kai ba na tsaya a gefen titi. Ba sai safe ba, na gama tunani. Na goge na waya, na goge na mota. Saura kaset ɗin kawai, yana aljihuna. Gobe ƙarfe tara zan sa shi a hannun Baba. Ke na zaɓa."

Saƙon da na yi awa guda ina kuka don bai zo ba, ga shi ya zo.

Umma ta karanta har ƙarshe, ta koma farko ta sake karantawa. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Yaron kirki ne," ta ce. "Ki ce masa Allah ya yi albarka. Manta da abin da na faɗa."

Ta juya ta buɗe famfo, ta fara wanke kofunan da na riga na wanke. A ƙasan saƙonsa wani ya sake shigowa.

"Kin yi shiru. In kawo ko?"